Kwikwiyona ɗan wata bakwai ba ya tsayawa kan fakara, in haɗa shi da karnukan farauta?

Abba_Yelwa: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar kare. Akwai kwikwiyo da wani abokin aikina ya ba ni daga Jos, irin foyinta ɗin nan ne na Jamus mai gajeren gashi, wanda in ya sansano tsuntsu yake ƙamewa wuri ɗaya ya miƙe hanci har mai bindiga ya iso. Yanzu watansa bakwai, Wake muke ce masa. Ni ban taɓa horar da kare ba, na dai tashi ina bin kawuna daji can wajen Dass amma da karnukan gida ne. Matsalar ita ce duk sanda na fita da shi bayan garin Bauchi ta hanyar Gubi, da ya ji fakara sai ya ɗan dakata na daƙiƙa biyu haka kawai ya afka, tsuntsun ya tashi shi kuma ya bi shi har in daina hango shi, ina ta kira ina ta kira ko a jikinsa. Kawu ya ce in rani ya yi in kawo shi ƙauye a haɗa shi da karnukansu ya koyi daji. To in kai shi ko kuwa? Sannan yaushe ya kamata ya fara jin ƙarar bindiga?

MaiGora_Dass: Wa alaikumussalam. Ɗana ka ji maganar kawunka, ya girme ka ya kuma riga ka shiga daji. Mu ba mu taɓa zaunar da kare muka karanta masa komai ba, ƙarami bin manya yake har ya gane sawu ya gane ramin gafiya ya gane makwancin zomo. Ka kai karen wa kawun naka ya yi rani ɗaya da su. Kare kare ne ko daga ina aka kawo shi.

Injiniya_Bajoga: Baba MaiGora ranka ya daɗe, a nan kam ka yi min uzuri zan saɓa maka. Abin da ka faɗa daidai ne ga karenmu na gida tunda aikinsa kenan, ya kora ya kama. Shi wannan kuwa an fitar da irinsa ne don ya hana kansa kamawa. Tun kafin a fara harbin tsuntsu a sama a Turai ake aiki da karnuka masu tsayawa, kare ya tsaya ko ya kwanta, mafarauci ya zo ya jefa raga ya rufe tsuntsayen. Jamusawa sun gyara nasu irin a ƙarni na 19, littafin rajistar asalinsu ma tun 1897 suke rubuta shi. Abba in ka saka shi cikin karnukan da ke bin zomo a guje ana ihu ana kiɗa, darasi ɗaya zai ɗauko, wato gudu ne ke kawo nama, kuma cire masa wannan daga baya aiki ne ja. Daƙiƙa biyun nan da kake rainawa ita ce duk jarinka, ba kai ka koya masa ba da ita aka haife shi. Bin da yake yi ma kada ya dame ka yanzu, kwikwiyo ɗan wata bakwai dama haka yake, zai bi ya bi har ya gane cewa ba ya iya kama mai fiffike, daga nan tsayuwar za ta riƙa tsawo da kanta. Sharaɗin kawai kada ya riƙa kamawa.

Kamal_Jekadafari: Tab, kare da rajista tun 1897, ni ko takardar haihuwata ban san inda take ba hhhh

Ummu_Khairat: Ni dai tambayata daban ce, a cikin gida kake ajiye shi? Da yara da wurin sallah da komai? Wlh ni ko haushin kare na ji daga nesa gabana faɗuwa yake.

Ustaz_Nasarawo: Hajiya ajiye kare don farauta halal ne babu saɓani a kai. Hadisin da ya yi magana kan raguwar lada kullum ga mai ajiye kare ya cire karen farauta da na kiwo da na gona, yana cikin Bukhari da Muslim. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ma a kan dabbobin da aka horar don farauta take magana, ka ga shari'a ta san da horon kansa. Abin da ya dace Malam Abba ya yi masa ɗakinsa a waje, kwanonsa daban. In an harbo tsuntsu ya kawo, a ambaci sunan Allah lokacin harbi, in an same shi da sauran rai a yanka. Wallahu a'alamu.

Abba_Yelwa: Na gode Ustaz. Hajiya a bayan gida yake, na yi masa rumfa ƙarƙashin dalbejiya, ba ya shiga ɗaki. Injiniya maganar kamawa da ka yi, akwai kaji a gidan kam, ranar nan ma ya cafke ɗan tsakon maƙwabciyarmu sai da na biya.

Injiniya_Bajoga: Yauwa ga inda gizo ke saƙa. Kare ba ya raba kaza da fakara yadda kai kake rabawa, abin da ya sani mai gashin tsuntsu ne, ya bi kuma ya samu. Ka raba shi da kajin nan daga yau, ko dai su a killace ko shi. Sannan tun kafin maganar tsuntsu, kira shi ne farko. Ka samu doguwar igiya mita 8 zuwa 10 ka ɗaura masa a wuya yana ja a ƙasa, ka kira sau ɗaya tak, in bai juyo ba ka taka igiyar ka jawo shi a hankali, da ya iso ka shafa shi ka ba shi ɗan abu. Sau ɗaya fa, ba Wake Wake Wake zo zo zo ba, kiran da kake ta yi alhali yana bin fakara kana koya masa ne cewa muryarka ba dole ba ce. In ya riga ya zura da gudu ka yi shiru ka bar shi ya dawo. Kuma duk jimawar da ya yi kada ka doke shi in ya dawo, shi a kansa dawowar ce ta jawo masa duka. Usur ya fi murya kai wa nesa, ka sayi irin na alƙalin wasa. Minti goma zuwa sha biyar sun isa a zama ɗaya, ka tsaya tun yana marmari.

Sadiq_Tantabara: Oga Abba in tantabaru kake so ka zo Wunti ka ɗauka, amma haya ce ba kyauta ba 😂 Gsky tantabara ta fi komai a wannan aikin don tana tashi da ƙarfi kare ba ya cim mata, kuma in ka sake ta gida take komawa gobe ka sake ɗaukar ta. Yadda ake yi, ka cusa kanta ƙarƙashin fiffike ka ɗan jujjuya ta a hannu sai ta yi lamo, ka ajiye ta cikin ciyawa inda ba zai gan ta ba. Kada ka jujjuya da yawa fa ta kasa tashi, ka ja min asara.

Auwal_Kumo: Me ya sa ba zai sayi salwa ba? Ga ta nan araha wajen masu kiwo kuma ita ta fi kama da tsuntsun daji.

Injiniya_Bajoga: Salwar keji ba ta da ƙarfin tashi Auwal, za ta yi mita kaɗan ta faɗi ya cafke ta, an koma gidan jiya kenan. Maganar Sadiq ce daidai. Abin da zan ƙara, ka lura da iska, ka ɗebi ƙura ka saki ka ga inda take kaɗawa, ka biyo da shi ta yadda zai gitta iskar da ta taho daga wajen tsuntsun, da hanci ake so ya same ta ba da ido ba. Da ka ga jikinsa ya canza ya tsaya, ka riƙe igiyar kawai kada ka fizge, kuma ka kama bakinka. Nan ne sababbin masu kare ke ɓata abu, sai su hau tsaya tsaya tsaya da ƙarfi, kare ya ɗauka tsuntsun ne laifi ya fara kauce masa. Ka bar wani yaro ya zagaya ta gaba ya tayar da tantabarar, kai kana riƙe da shi. In kuma bai tsaya ba ya nufe ta kai tsaye, yaron ya tayar da ita nan take ta gudu, ya ga shi ya kore ta da kansa. Tantabara biyu ko uku a fita ɗaya sun isa, kuma ba kullum ba. Umarnin tsaya a tsakar gida ake koyar da shi inda babu tsuntsu ko kusa, sai ya zauna masa sosai sannan a haɗa su biyun.

MaiGora_Dass: To fa. Yau kuma kare ne da makarantar boko har da hayar tantabara. Injiniya kai ka taɓa cin naman da irin karen nan ya samo ko a waya ka gani?

Injiniya_Bajoga: Hhhh Baba na ci wlh. Lokacin da nake aikin hanya akwai wani Bature da muke tare da shi yana da macen irin wannan, ni nake riƙe masa igiya ranar Lahadi. Na ga ta tsaya kan fakara a gonar dawa da aka girbe, ƙafa ɗaya a ɗage, har muka tako daga nesa ba ta motsa ba. Amma shekararta huɗu a lokacin, ba wata bakwai ba.

Dakta_Hauwa: Malam Abba kafin a yi nisa, ina katin alluransa? Kwikwiyon da ke fita daji dole ya gama rigakafin farko da ake farawa yana sati 6 zuwa 8 a maimaita, musamman na fabo mai sa amai da gudawar jini, sannan allurar ciwon haukan kare daga wata uku, ana sabunta ta duk shekara. A cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos ma ana yin ta, kuma ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, lokacin ana yawan yin gangamin allura. Wannan ma wani dalili ne da ni ba zan so a cusa shi cikin karnuka da yawa da ba a san matsayin allurarsu ba, Baba MaiGora ka gafarce ni. Na biyu kaska. Duk dawowa daga daji ka duba cikin kunne da tsakanin yatsu da hammata, zazzaɓin kaska yana kayar da irin waɗannan karnukan da sauri, in ka ga ya ƙi abinci, dasashinsa ya yi fari ko yana haɓo kada ka jira gobe. Wuraren da ke da tsando kuma akwai sammore, karnukan waje ba su da juriyar na gida. Kuma don Allah kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, ibuprofen yana lalata musu ciki da ƙoda. Albasa ma guba ce gare su, ragowar miya ba abincinsa ba ne. Na ƙarshe, na san samari da sa kare ya bi mashin wai ya yi ƙarfi, ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba sai ya haura shekara, a bari.

Abba_Yelwa: Dakta an yi masa duka, katin yana hannuna. Tuwo da ƙanzo da kan kifi nake haɗa masa, wani lokaci kayan cikin kaza daga wajen masu fige kaji.

Dakta_Hauwa: Ka ƙara masa nama da ƙwai, namijin irin wannan yana kai kilo 25 zuwa 32 in ya girma, tuwo kaɗai ba zai gina shi ba. Ƙashin kaza dafaffe kuma a'a, yana tsagewa ya soke hanji.

DanKaltungo: Ku kuna ta maganar kaska ba wanda ya ambaci kububuwa. Mu nan Kaltungo har asibitin saran maciji gare mu saboda yawanta, kuma lokacin kaka da ake girbi ta fi ɓarna don tana ɓuya ƙarƙashin karmami da duwatsu. Karen da aikinsa cusa hanci cikin ciyawa ai shi ne a gaba. Maƙwabcina ya rasa karensa a haka, a fuska ta sare shi kafin dare ya kumbura. Kai ma kanka ka sa takalmi mai rufi, ba silifa ba.

Dakta_Hauwa: Gaskiya ne. In ta faru a ɗauke shi kada ya yi tafiya, kada a tsaga wurin kada a ɗaure, a nufi likitan dabbobi.

Auwal_Kumo: Mu koma kan tambayarsa ta biyu mana, bindiga. Ni dai na ji ana cewa ka harba kusa da shi tun yana ƙarami ya saba.

Injiniya_Bajoga: Wanda ya gaya maka haka bai son karen. Yawancin karnukan da ke tsoron bindiga mutane ne suka sa musu, kuma in tsoron ya shiga da wuya ya fita, ka ga kare mai kyau da ya hango bindiga sai ya shige ƙarƙashin mota. Ƙa'idar ita ce ƙara ta zo masa lokacin da hankalinsa ya tafi kan tsuntsu. Sai ya zama mayen tsuntsu tukuna. Sannan ka sa wani ya tsaya nesa, mita 100 ko fiye, ka saki tantabara, yana tsakiyar bin ta a yi ƙara ƙarama guda ɗaya, ko katako biyu aka buga ya isa a farko. In bai ko waiwaya ba, wata rana a matso kaɗan. In ya tsaya ya saki bindi ya dawo wajenka, kada ka lallashe shi, ka yi kamar ba abin da ya faru, a ajiye ƙara na wasu makonni a koma tsuntsu zalla. Kuma Abba kai da kake cikin Bauchi, ranar hawan sallah da 'yan bindiga ke ta barin wuta ka kulle shi nesa, haka ma Disamba da yara ke fasa nokawut a lungu. Ƙara ɗaya a bayan kunnensa ba tsuntsu ba komai ta isa ta gama da shi.

Kamal_Jekadafari: Yaran unguwarmu kam in suka san akwai kare a gida da gangan za su jefa ta katanga

Barista_Gwallaga: Ɗan'uwa Abba ban ga ka ce kana da lasisi ba. Dokar makamai ta 1959 tana nan daram, bindiga mai baki biyu sai da izinin Sufeto Janar, ko ta toka ma sai da na kwamishinan 'yan sanda. Da yanayin tsaron da ake ciki kuma, mutum da bindiga a daji ba kowa ne zai tsaya ya tambaye shi fakara yake nema ba. Ka sanar da mai unguwa da sarkin baka na yankin da 'yan banga su san fuskarka. Kuma kada ka kusanci gandun dajin Yankari ko na Sumu ko na Lame-Burra da kare balle bindiga. Yankari tun 1956 aka keɓe shi, ya dawo hannun gwamnatin jiha a 2006, masu gadinsa kama mutum suke su miƙa kotu, fakara ɗaya ba ta kai wannan ba.

Abba_Yelwa: Barista ni ba ni da bindiga tukuna, ta kawu ce ta toka kuma da takardarsa. Ni karen ne ma ya fi burge ni.

Injiniya_Bajoga: To ai shi kenan ba ka da gaggawa, bana gaba ɗaya ba ka buƙatar harsashi ko ɗaya. Ta toka ma ita ce ta ƙarshe da zai ji, ƙararta da hayaƙinta sun yi wa kwikwiyo yawa. Ranar da aka fara harbi kuma, tsuntsun da ya tsaya a kansa kaɗai za a harba masa, wanda ya kora da kansa a bar shi ya tafi ko da kuwa miyar gidan ta dogara da shi. A Amurka akwai wata ƙungiyar masu irin karnukan nan, NAVHDA, tun 1969, jarrabawarsu ta farko ta kwikwiyo ce har zuwa wata 16, kuma abin da suke dubawa hanci da nema da tsayuwa da shiga ruwa da haɗin kai da mai shi, ba sa neman ya daskare har bayan harbi. Su da suka ƙware kenan, balle kai da wata bakwai.

Bappa_Dukku: Ni ban san foyinta ba amma na san shanu. Yaro in karenka bai jin kira kada ka sake shi inda ake kiwo, yanzu an fara girbi dabbobi za su sauko gonaki. Ya kori tunkiya mai ciki ta yi ɓari, ko ya firgita maruƙa, makiyayi ba zai tambayi kuɗinsa ba sanda zai sa masa, kuma sai a ce rigima. Ka kai shi kusa da ruga da igiya, ka yi sallama ka gaisa da su, ya ga shanu ya ga awaki, da ya zabura ka tsawatar masa. Sau da yawa haka zai daina kula su.

Injiniya_Bajoga: Bappa Allah ya ƙara girma, wannan ta fi duk abin da na rubuta amfani.

Mubarak_GRA: Oga duk wannan wahalar igiya ta mene ne, a YouTube na ga Turawa suna sa musu abin wuya mai lantarki da rimot, ka danna kawai ya tsaya. Ana kawowa daga Legas.

Dakta_Hauwa: Yankin Wales na Birtaniya ya haramta shi tun 2010.

Injiniya_Bajoga: Masu amfani da shi ma ba koyarwa suke da shi ba, sai kare ya riga ya san umarnin da igiya. A hannun wanda bai taɓa horo ba, ka danna a makare da daƙiƙa ɗaya lokacin hancinsa na kan fakara, shi kenan ya haɗa zafin da tsuntsu, gobe ya sansano ya juya ya yi kamar bai ji ba. Ka ajiye kuɗinka ka biya Sadiq.

Sadiq_Tantabara: Allah ya biya ka Injiniya, kaso goma naka ne

MaiGora_Dass: Na karanta duka. To ni ga tambayata, tantabarar da aka sa wa jiri aka ajiye ita ce za ta koya masa zabo? Zabon daji ba ya zama jiran kare, da ƙafa yake gudu ya shige sarƙaƙiya ko ya haye dutse, sai ya ga dama ya tashi. Fakara ma da an ƙona daji ciyawa ta ƙare haka take, ta hango ka tun daga nesa ta zura. Karen da ya ƙame wuri ɗaya yana nuna inda tsuntsu ya bari tun ɗazu me ya yi maka? Dajinmu ba irin nasu ba ne. Kuma da hunturu ya shigo ƙasa ta bushe, ko karnukanmu hancinsu raguwa yake, sai da sassafe da sauran raɓa. Wa zai nuna wa yaron nan inda fakara ke sauka shan ruwa, da inda take kwana, da kukanta na asuba? Waya?

Injiniya_Bajoga: Wannan kam Baba ba ni da ta cewa, zabo yana ɓata ƙaramin kare don yana ja masa rai ya bi shi, ni ma zan ce a nisanta shi da zabi bana. Fakara a ciyawa mai kauri bakin fadama, yanzu kafin a fara ƙuna, ita ce malamarsa ta gaskiya, tantabara share fage ce kawai. Babban kare da ya ƙware yana koyon ya tsaya, in tsuntsu ya zame ya lallaɓa ya sake tsayawa, amma sai da shekaru. Shawarata Abba ya je wajen kawunsa, su fita su biyu da Wake kaɗai bayan sallar asuba, ba ranar farautar gayya ba, karnukan kawu a ɗaure a gida. Ilimin dajin na wajenku ne, karnukan ne kawai ba na so.

MaiGora_Dass: Ka ce dattijo ya ɗaure karnukansa ya bi kwikwiyo a baya yana riƙe masa igiya, mutanen gari su gani? Hmm. Ni dai har yanzu ina kan bakata, rani ɗaya da manya ba zai kashe shi ba.

Dakta_Hauwa: Ranin ma ku yi hattara, Maris da Afrilu zafi na kusan 40 a nan. Kare ba ya gumi irin namu da haki yake huce jikinsa, kuma irin wannan ba ya sanin ya gaji, zai yi ta gudu har ya faɗi. Ƙarfe takwas zuwa tara na safe a tattara a dawo, a tafi da jarkar ruwa. In harshe ya zazzago ya yi faɗi yana tangaɗi, inuwa, a jiƙa masa ciki da hammata.

Ummu_Khairat: Ikon Allah, ko ɗan fari ba a yi masa wannan hidimar

Abba_Yelwa: Jama'a ga rahoto. Na killace kajin, na karɓo tantabaru wajen Sadiq mun fita da ƙanina da asuba. Ta farko ya afka mata ƙanin nawa ya tayar da ita da wuri ta tsere. Ta biyu kuwa wlh ya tsaya, bindi a miƙe jikinsa har rawa yake, na yi shiru kamar yadda aka ce har yaron ya zagaya. Sai dai yanzu wata sabuwa, da mun sauka daga mota sawun ƙanina yake bi da hanci kai tsaye har inda aka ajiye tantabarar. Maganar kawu kuma na kira shi, ya yi dariya ya ce in zo dai tukuna a ga karen.

Sadiq_Tantabara: Hhhh Wake ya gano ku. Ɗaya kuma ba ta dawo ba fa Oga, baƙar nan mai farin wuya, lissafi na nan.

Injiniya_Bajoga: Ma sha Allah, hanci ne da shi. Yaron ya riƙa shiga ta bayan iska ya ajiye ya fita ta can, kai ka shigo da kare ta wani gefen da ba a taka ba, ku kuma riƙa canza fili. In ya ci gaba da bin sawun a dakatar da tantabara sati biyu a koma fakara.

MaiGora_Dass: Ka gani ko, bin sawu. Me na ce muku tun farko, jininsa na neman manya.

Auwal_Kumo: Baba sawun mutum ya bi fa ba na zomo ba 😂 Ni tambayata Injiniya, ɗauko tsuntsu ya kawo hannu fa, shi ma bana ake farawa ko sai baɗi? Don na ga karen wani da ke tauna kurciya kafin ya kawo.

Injiniya_Bajoga: Ana farawa yanzu a matsayin wasa, tsohuwar safa a cusa tsumma a ɗaura fukafukan tantabara, a jefa a lungu mai hanya ɗaya sau biyu uku a ɓoye ta. Kada a yi ja-in-ja da shi a baki, nan taunar ke farawa. Sadiq kana da fukafukai?

Sadiq_Tantabara: Sai an biya ni kuɗin baƙata tukuna